Kumfar Ba Ta Tsaya Ba

Daren Talata, unguwar Jurf, Madina.

Yau ma Dakta ya sa faifan nan a mota, tun daga gida har mustashfa, asibitin da yake aiki. Tunda na fara tuƙa shi kullum shi ne, tsohon kiɗan jaz na wani Ba'amurke baƙar fata mai busa saksofon. Babu waƙa, busa ce zalla, ya hau ya sauka kamar mai neman abin da ya ɓace masa.

Muna tsaye a isharar Uhudu, muna jiran koriyar wuta, bakina ya suɓuce. Na ce, "Wannan ba ya yanke numfashi. Ta hanci yake ja, iska na ajiye a kumatunsa."

Dakta ya mayar da wurin baya, ya saurara. "Wallahi sahih. Ina ka san wannan, ya Sani?"

Na ce a rediyo na ji.

Ƙarya ce. Baba mai algaita ne a Damagaram, haka ma kakana. Da ƙwaryar ruwa da siririn kara mai huda ya koya mini: ka yi ta hura kumfa, kada ta tsaya. Shekara tara a Madina ban gaya wa kowa ba. Abokan ɗakina ɗan manomi suka san ni, don ban ga amfanin a riƙa ce mini ɗan maroƙa a garin Manzon Allah ba. Tunda Baba ya rasu algaitar tana cikin buhu, ba mai taɓa ta.

Bayan la'asar na sayi asir, ruwan lemo na kwali, a bagala, kantin unguwarmu. Da na ga ba kowa a kusa, na hura ta bututun robar da ake zuƙarsa da shi, don dai in gani.

Kumfar ba ta tsaya ba. Ni ne na tsaya.