An Sare Gawon Gonar Malam

Zuwa ga ɗana Habibu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rabi da yara. Yaya Legas, yaya aiki? Mu nan Roni sai godiyar Allah, amma gida ba lafiya.

Ran Talata ƙannenka suka zubar da jini a gonar Malam, marigayi mahaifinku. Lawal, da ya dawo da takardar makarantar aikin gona, ya ɗauko hayar tarakta, ya sa a sare gawon nan uku don ta sami hanya. Bai shawarci kowa ba. Sule, wanda tun yana yaro yake noma tare da Malam, ya tarar an kayar da biyu. Ya ce, "Mai takarda, ba a koya maka a gindin gawo gero ya fi kyau ba?" Lawal ya ce jahili ba ya riƙe gona. Sule ya fasa masa kai da ƙotar fartanya, shi kuma ya karya wa Sule hannu. Sai da maƙwabta suka danne su.

Na faɗa musu takarda ba ta ba da gado, dukan juna ma haka. Kai ne babba, shirunka ma laifi ne. Ka zo kafin ruwan shuka. In ba ka zo ba, alƙali zai raba gonar, kuma ba zan yafe muku ba.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida Rabi da jikokina.

Mahaifiyarka.