Turken da Na Zaɓa

Talata, 16 ga Satumba, 2025

Ban faɗa ma kowa ba, ko Inna. Ni na tura Baba hannun ɓarayin daji.

Wata ɗaya ke nan. Ina kan soro ina shanya kuɓewa da hantsi, na hango babura huɗu sun fito daga rafi. Baba yana gonarmu ta arewa da shanun huɗa. Na kira shi da wayar Inna, na ce, "Baba, suna ta dama, ka yi hagu!" Ya yi hagu. Hagunshi. Ni ina kallon gona, shi yana kallon gari. Hagunshi ita ce damata. Ya faɗa cikinsu. Sun kora shanun biyu, sun karya mashi hannu da gindin bindiga.

A ƙauyenmu, can bayan Mawashi, kowa cewa yake ni Rauda na yi ƙoƙari. Wannan ya fi ci mani rai. Tun ranar ban ƙara taɓa waya ba. Suka ce firgita ce, aka kawo ni Kankiya wurin Gwaggo Mairama in huta.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na kai ma Yaya Badaru abinci shagonshi. Babban ɗan Gwaggo ne, yana gyaran waya da kwamfuta. Na iske shi da abu a kunne, wata sanda a hannu, yana tuƙa jirgin yaƙi cikin kwamfuta. Wasa ne, wai. Suna yi da abokinshi Zainul Abidin da ke Katsina, ta intanet. Aka yi harbi a ciki, na aje kwano na fito da gudu. Kunya.

Lahadi, 21 ga Satumba

Ya zaunar da ni dole. "Zo ki zama idona, ƙanwata, mai duba mana rada ya tafi biki." Rada wani baƙin allo ne mai nuna jirage tun daga nesa. Koren ɗigo namu, ja na abokan gaba. Aikina in faɗi inda ja yake.

Wani ja ya taso. Na ce, "Yana ta dama." Ya juya, jirginshi ya kama da wuta.

Muryar Zainul ta fito daga sifika, yana dariya: "Badaru, 'yar leƙen asiri ka ɗauko mana?" Yaya ya ce, "Damata ko damarki, Hajiya?"

Na fashe da kuka har da shessheƙa. Sun ɗauka don wasan ne.

Litinin, 22 ga Satumba

Ya kawo mani awara don ban haƙuri. Ya ce laifinshi ne, bai nuna mani turke ba. Da Turanci wani suna gare shi, su dai turke suke cewa.

Wuri ɗaya ne a taswira da duk matuƙa suka yarda da shi kafin a tashi. Ba ka auna maƙiyi daga kanka, don abokinka bai san inda ka sa gaba ba. Daga turke ake aunawa: ta wace shiyya, nisa nawa, ya kai ina a sama. "Akuya na ta zagaye, turkenta ba ya motsi," in ji shi. Kudu da turke, mil talatin. Ko ina ka fuskanta, kudu kudu ce.

Abin takaici, ni ma na san gabas. Sau biyar nake fuskantarta kullum. Ranar ce kawai tsoro ya bar mani dama da hagu.

Laraba, 24 ga Satumba

Na yi mafarkin babura. Ban ci komai ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Kwana uku ina zuwa shago bayan La'asar. Muryata ba ta fita, sai Zainul ya ce, "Ɗaga murya, Malama Rada, ba zance aka zo ba." Yau jajaye biyu suka taso tare. Na nemi turke da ido, na ce, "Biyu, yamma da turke, mil ashirin, suna yin gabas." Su duka suka juya wuri ɗaya. Ba wanda ya faɗi.

Yaya ya buga tebur don murna. Ni na tuna a nan in jirgi ya ƙone sai a danna a sake. Hannun Baba har yanzu a ɗaure yake da kara.

Laraba, 1 ga Oktoba

Inna ta kira Gwaggo, ina jin su daga madafa. Gero ya nuna, ran Asabar Baba da ƙannenshi za su shiga girbi. An sake ganin babura wajen rafi. Soronmu ne kaɗai ake hango gonakin arewa daga kanshi, Inna kuma gwiwa ba ta barinta hawa tsani.

Gwaggo ta ce, "Ɗiyar nan dai a bar ta nan, ba ta warke ba." Na yi kamar ban ji ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na zana ƙauyenmu a bayan littafin nan. Na gwada masallaci, ba a ganinshi daga gona. Na zaɓi tsohuwar kukar da tsawa ta tsaga, kowa na hango ta ko daga ina. Mu ba mu san mil ba, da gonaki zan ƙidaya. Gabas da kuka, gona uku, suna yin kudu. Na maimaita har ya zauna.

Sai dai Baba zai tambayi abin da ya sa. Kafin in koya mashi kuka, sai na faɗa mashi maganar hagu.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Na ƙulle kayana tun da safe. Tsoron yana nan, bai ragu ba ko kaɗan. Na ce ma Inna a gyara tsani, ina tafe a motar Kusada bayan an sauko Juma'a, kuma Baba ya jira ni, ina da magana da shi.

Sai da na aje na lura ni na ɗauki wayar Gwaggo na kira.