Batirin Motar Mai Lofe

Litinin, 19 ga Satumba, 1960
A-kori-kurar Mai Lofe, Baturen da Baba ke wa direba, ta ƙi tashi da safe. Sai da Baba ya murɗa ta da ƙarfen gaba har gumi ya jiƙa masa kaki. Karo na uku ke nan. Baturen zai koma ƙasarsu bayan bikin 'yancin kai, kuma kafin ya tafi zai rubuta wa Baba takardar shaida. In babu ita, wanda zai gaji gidan ba zai riƙe mu ba.

Talata, 20 ga Satumba
Da la'asar na sake laɓewa a cikin motar a gareji, da littafin da Uwargida, matar Mai Lofe, ta yar. Nan kaɗai Inna ba ta nemana. Na kai inda likitan cikin labarin ya tsayar da mota a bakin teku, ya kasa magana. Na riƙe sitiyari, na ja ɗan maɓallin nan baƙi kamar ni ce zan tafi da mu. Wauta. Amma ina jin daɗin ƙarar da yake yi, ƙas.

Laraba, 21 ga Satumba
Yau ma motar shiru. Kuku Shu'aibu ya leƙo ta tagar kicin: “Malam Sule, a samo maka jaki ne?” Baba bai yi dariya ba.

Da na dawo makaranta ya ce in riƙe masa kwano. Kawunan batirin sun yi fari kamar gishiri. Ya wanke su da ruwan zafi da kanwa, ya kankare, ya shafa giris. Ya buɗe ramukan ya ƙara ruwan sama da Inna ta tara a tasa. Wai na famfo kashe batir yake. Ya danna bel ɗin dinamo mai cajin batir da yatsa, ya ce bai saki ba. “To ta ina wutar ke zurarewa, Binta?” Ba ni yake tambaya ba, na sani.

Na kasa zama. Na share tsakar gida sau biyu.

Alhamis, 22 ga Satumba
Mai Lofe ya ce zuwa Asabar, ko a gano abin da ke kashe batirin, ko ya rubuta abin da ya gani a takardar shaidar.

Juma'a, 23 ga Satumba
Baba ya gano. Maɓallin ƙananan fitilu ya tarar an jawo. Suna kwana a kunne cikin gareji a rufe, kafin asuba sun shanye batir. Na ji yana gaya wa Inna a hankali: “Shekara ashirin ban taɓa mantawa ba. Tsufa ne, Kande. Gobe zan faɗa masa gaskiya, ni ne.”

Baƙin maɓallin ne. Nawa.

Na bar tuwona. Na tashi, na zauna, na je bakin famfo ba tare da bokiti ba. In na yi shiru, za a rubuta cewa Baba mai mantuwa ne. Wa zai ɗauki direba mai mantuwa? In na faɗa...

Asabar, 24 ga Satumba
Na faɗa. Yana goge gilashi na durƙusa a bayansa, muryata kamar ta sauro. Ya ƙarasa goge gilashin. Sannan ya ce, “Ashe ba ni ba ne.” Ya faɗa sau biyu. Na zaci mari. Sai na ga yana share ido da tsumman mota.

Shi ya kai ni gaban Mai Lofe, na maimaita da Turancin makaranta, ina kallon takalmansa. Ya cire lofen tabarsa daga baki, ya ce a riƙa sa wa garejin kwaɗo. Ya rubuta takardar shaidar, tana cikin akwatin Baba yanzu. Ni na karanta masa ita, sau uku.

Inna ba ta yi min magana ba har yanzu.

Litinin, 26 ga Satumba
Hukuncina: kullum kafin makaranta in duba mai da ruwa da kan batir, Baba na tsaye a kaina. Shu'aibu na kirana Makanika. Na tsani sunan.

Man injin ya ɗan yi ƙasa da layin awo yau. Baba bai lura ba. Ban jira ya tambaya ba, na faɗa masa.