Bismillar da Ba a Amsa Ba

Daren Talata, Nuwamba 2011, Takoma Park

Da na tashi aiki yau, na shiga gidan abincin Indiyawan nan na kusa da tasha. Na gaji da abincin Turawan ƙasar nan lami, sai ga shinkafa da naman rago, yaji har gumi. Na ajiye cokali, na wanke hannu. Kafin in kai loma, na juya ga dattijon teburin gefe, na ɗan tura farantin na ce, "Bismillah." Ya dube ni, ya jawo jakarsa kusa da jikinsa.

Wallahi abincin ya yi daɗi, kamar dafa-dukar Inna. Na cinye tas. Amma a gida ko wanda ya ƙoshi sai ya ce, "Alhamdulillahi, a ci lafiya." Ita kaɗai na rasa a farantin.