Karan Tsallaken Kogi

Zuwa ga ƙanena Kanji, a Osaka,

Ina gaida kai da iyali. Aladun daji sun tattake gonar da nake noma karan shinkafa don igiyar ƙofar gidan bauta, ko kara ɗaya ba su bari tsaye ba. Kannushi, mai ja mana ibada, ya ce in sabuwar shekara ta zo babu sabuwar igiya, zai ɗauke Kami, abin bautar ƙauyenmu, ya haɗa shi da na gari, a rufe gidan. Mu biyar muka rage a Ushirodani, ni ce yarinyar cikinmu, ga ni da furfura fal. Ina tsoro, Kanji.

Yayarka, Shizue

Yaya Shizue,

Na gaishe ki. Gwiwa ta hana ni hawa jirgi. Ana sayar da igiyar roba a nan, ba ta ruɓewa. In ba kya so, ai tsoho Heisuke na tsallaken kogi yana da kara. Ki huta lafiya.

Kanji

Kanji,

Gaisuwa mai yawa. Robar ka ɗaura wa kanka. Heisuke kuwa, tun rigimar ruwan gona ta zamanin Baba ko gaisawa ba ma yi, na rantse ba zan roƙe shi ba.

Sai ga shi jiya da hantsi, da 'yar motarsa maƙare da kara, da tsofaffi shida a baya. Ya ce, "Ke Shizue, matsa. Hannun nan naki ko zare ba zai tufka ba."

Na ce, "Wa ya gayyato ka, tsohon ɓarawon ruwa?"

Ya ce, "Namu Kamin yana gari yanzu, sai mun hau bas mu gaishe shi. Gidansa ya zama na jemagu. Ba zan tsaya ina kallo naku ma ya tafi ba."

Muka wuni muna tufka ta hagu yadda Baba ya koya mana, muna zagin juna. Igiya ta hau ƙofar gidan bauta. Na yi kuka a gabansa, ban ji kunya ba. Na gode da ka gaya masa, ƙanena. Ka kula da gwiwar.

Shizue

Yaya,

Na yi murna ƙwarai. Amma ni ban gaya masa komai ba, ko lambarsa ba ni da ita. Ki yi wainar shinkafa ki haye kogin ki kai masa ta godiya.

Kanji