Damin da Ka Ce a Daina Kawowa

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa ga uba, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Baba, ranar Laraba da safe na saɓa fartanya zan tafi ƙwadago, sai na ratsa ta gonar tudu don in rage hanya. Na iske tarakta a ciki. Tana bin layin gambar nan da kakanmu ya dasa a iyaka, tana tumbuke ta, saiwa sama. Wasu baƙi na biye da ita suna kafa turakun siminti. Na yi musu sallama, suka amsa da mutunci, ɗaya har ya tambaye ni ko ina neman aiki. Shi ya gaya mini wani Alhaji daga Talata Mafara ya sayi gonar wurin 'ya'yan Baba Mani, zai haɗe ta da na kusa ta zama guda.

Kai ka san ba tasu ba ce. Kai ka ba ni labarin yadda Baba Mani ya iso garinmu daga wajen Maradun, lokacin da aka datse gulbi ruwa ya cinye musu gari, ya zo da awaki, da ƙyauren ɗakinsa bisa jaki. Ka ba shi aron gonar tudu, ba rubutu, ba komai, sai dami guda na gero duk kaka. Ba haya ba ce, shaida ce.

Wannan kam na gani da idona. Ba ya kawo damin sai bayan la'asar, sa'ad da mutane ke zaune ƙofar masallaci, kuma ta tsakiyar gari yake koro jakin don kowa ya gani. Tun daga nesa zai ɗaga murya: "Malam Garba, ga harajinka, kada ka turo mini dogari!" Kai kuma ka ce, "Sauke nan, ɗan gudun ruwa, bana ma ka tsira." A yi ta dariya, Inna ta aiko da fura.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Damin da ya kawo, zangarniyarsa kamar yatsa. Na ga ka dubi damin, ka dubi ƙafafun yaran da suka rako shi. Ka ja shi cikin zaure, ka ce, "Mani, ka daina wahalar da jakin nan. Ni da kai wa zai shiga tsakani?" Ya ƙi, ka rantse. Ba kowa a zauren sai ni. Tun daga ranar bai ƙara kawowa ba.

Inna ta yi magana sau ɗaya, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba: "Malam, damin nan fa ba don ci ake kawo shi ba." Ka ce mutanen gari duk sun sani.

Sun sani, Baba. Amma ina suke? Liman ya riga ka tafiya. Inna ta bi ka. Baba Mani ya rasu bara. Rabin unguwarmu sun watse tun da masu bindiga suka hana shiga gonakin daji. 'Ya'yansa Bala da Shehu kuwa sun buɗi ido sun ga ubansu na noma wurin, ba su taɓa ganin ya sauke wa kowa dami da wayonsu ba. Ban ce sun yi sata ba.

Gonar tudu kaɗai ta rage mana. Ta fadama an raba gado ta zama kamar tabarma, Yaya Umaru ya sayar da nasa kason ya sayi babur, yana Ikko, sai ya ga dama yake kira. Nawa ya tafi a jinyar Inna. Sa'o'ina da muka koyi huɗa tare, wasu na ramin zinariya, wasu na ƙwadago a gonakin da iyayensu suka mallaka. Ranar kasuwa a Birnin Tudu na ga mutanen da dā ke kawo buhu suna tsugunne suna awon mudu. Na yi niyyar karɓar gonar tudu da damanar bana, sai na ga bai dace in je wa masu makoki da zancen ƙasa ba. Na ce bari su huce.

Na kai ƙara gun maigari. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in kawo mutum ɗaya, ban da ni, da ya ga damin da idonsa, yana da hankali a lokacin. Na bi gida gida. Na tafi har Bakura wurin tsohon Sarkin Noma, na iske tsufa ya gama da shi. Ya riƙe hannuna yana kirana da sunanka, yana tambaya ko an yi ruwan shuka. Na ce an yi. Ranar Juma'a zan koma gaban maigari ni kaɗai.

Ban rubuto don in ga laifinka ba, Babana. Na daɗe ina tuna ƙafafun yaran nan, kuma na san da ni ne a zauren da abin da zan faɗa ke nan. Allah ya sa hatsin da ka bar musu ya zame maka haske a kabari. Allah ya jiƙan ka, ya jiƙan Inna, ya jiƙan Baba Mani, ya haɗa ku a inuwa guda.

Saura abu ɗaya, kai kaɗai zan faɗa wa haka. Safiyar Larabar nan ba ni kaɗai na tsaya bakin gonar ba. Inna Ige, matar Baba Mani, tana can gefe da itace a kai. Ita ke zaɓen zangarniyar da za a ɗaure maka duk shekara, kuma hankalinta garau yake. Ta dubi tarakta, ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe baki. Na san in na kira ta za ta zo, kuma ba za ta yi ƙarya ba. Daga nan, bayan ta ba da shaida a kan 'ya'yanta, sai ta koma gidansu ta ci tuwonsu har ƙarshen ranta.

Na gaishe ta, na karɓar mata itacen, na raka ta har ƙofar gida. Ba zan kira ta ba.

Ɗanka mai yi maka addu'a kullum,
Lawali