Murhun da Na Zaɓar wa Dijatu

Litinin, 10 ga Yuli, 2006

Daminar farko ke nan bayan husufin da ya dusashe rana da hantsi, har aka yi ta tururuwa masallatai. Na sa wannan ne don kada shekarar ta ɓace mini, ko da yake ba ta taɓa ɓace mini ba.

Yau mun kai Dijatu asibiti, ni da 'yarmu Juwairiyya da ta zo daga Bauchi. Tarin ya hana ta sakat. Likita ya tambaye ni yaushe ya fara. Ni Bappayo, da ake aikowa tun daga Katagum a tambaye ni iyakar gonar da aka raba kafin a haifi masu rigimar, na tsaya ina kallon takalmina. Juwairiyya ce ta amsa. Wai shekaru ne.

Ya ce ƙirjinta ya gaji da hayaƙi. In ta ci gaba da hura ɗanyen itace, wata rana za a kawo ta ba za ta koma gida da ƙafarta ba. Haka ya faɗa, bai sakaya ba.

Talata, 11 ga Yuli

Juwairiyya ta ce za ta sayi murhun gas ta aiko. Na ce a'a. Kakanninmu da itace suka rayu, kuma tuwon gas ba tuwo ba ne. Ta ce, "Baffa, kakannin naka ne za su yi mata numfashi?" Yarinyar da na yi wa huɗuba da bakina.

Na ce to, in dole ne, ba wanda zai zaɓar wa gidana abu daga nesa. Ban taɓa sayen rago ban buɗe bakinsa ba. Zan bi masu gyaran abin ɗaya bayan ɗaya, su ne suka san wanda ke yawan zuwa hannunsu.

A raina dai so nake su ce fashewa yake yi.

Alhamis, 13 ga Yuli

Na fara da Ikrima, mai gyaran risho da murhun gas a bakin kasuwa. Na san kakansa, maƙeri ne a Gadau, na gaya masa kafin ya buɗe baki don ya san da wa yake magana. Na ce, tsakani da Allah, nawa ka ga sun tashi da gida? Ya yi dariya. Ya ce, "Baba, kananzirin da ake gaurayawa ya fi ƙona mutane." Ba abin da na zo ji ba ke nan.

Iri uku ya nuna mini. Ɗan Italiya, dogo, mai kai huɗu, har da ɗakin gashi a ƙasa. Ɗan Japan, mai kai biyu, na ɗorawa a tebur. Sai na Chana, mai sauƙi. Ya ce ɗan Italiya ba ya zuwa shagonsa sai dai ya gan shi a gidan manya.

Asabar, 15 ga Yuli

Ruwa tun safe. Ban fita ba. Daga zaure ina jin Dijatu tana fifita wutar ruwan wankana, tana tsayawa, tana ci gaba.

Lahadi, 16 ga Yuli

Mutum biyu yau. Ɗaya ya ce ɗan Japan, don kayan gyaransa na samuwa a Kano. Ɗayan ya ce ƙarya ne, ɗan Japan ɗin da ke kasuwa yanzu suna ne kawai, a saya ɗan Italiya a huta. Na haɗa su gaba da gaba suka yi ta musu, ni kuwa na zauna kamar alƙali. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Alhaji Umara ya ji labari. Babarbaren nan ba ya barin abu ya wuce. Wai, "Bafillacen da bai san inda ake ajiye ashana a gidansa ba, shi ne ya zama injiniyan girki." Na ce bawa ba ya sa baki in ubangidansa na shawara. Shekara da shekaru muna cin tuwon dare tare a zaurena, bai taɓa kawo ko gishiri ba.

Laraba, 19 ga Yuli

Har Misau na je, wajen wani Talha da aka ce ya yi aiki a kamfanin gas a Kaduna. Yaro mai natsuwa. Ya buɗe mini cikin kowanne, ya nuna kaurin ƙarfe, da robar da ke kai iska daga tukunyar gas, da inda take fara tsagewa. Shi ma ya ce ɗan Italiya. Da zan tafi ya ce, "Hajiyar ta gan shi?" Na ce Hajiyar ta san me a ƙarfe? Ya ce haka ne, Baba.

Mutum biyar na tambaya, har da wani a hanyar dawowa, huɗu sun ce dogon. Magana ta ƙare.

Litinin, 24 ga Yuli

An kawo shi a akori-kura. Fari tas, tsayinsa ya kai ƙuguna. Unguwa ta taru. Ikrima ya haɗa, ya nuna wa Dijatu yadda ake murɗawa, wuta ta tashi shuɗiya ba ko ƙyallin hayaƙi. Na sa aka kwashe duwatsun murhun nan uku aka zubar can bayan katanga, na tsaya a kai har aka gama. Rabona da shiga madafi tun ana ginin sa.

Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Malam." Ta shafa gefensa da bakin zanenta.

Juma'a, 28 ga Yuli

Ruwan wanka na zuwa kafin in gama lazimi. Abin mamaki.

Na ba da labari a majalisa bayan masallaci, yadda na bi masu gyara, abin da kowa ya ce. Mutum biyu sun ce in za su saya ni za su nema.

Talata, 1 ga Agusta

Na ci amanar bakina yau. Na ce wa Umara, ka ji tuwon gas, wallahi ba ka bambanta shi da na itace. Ni da na rantse ba zan ci ba. Ya kai loma, ya tauna, ya dube ni. Ya ce, "Italiyawan nan gwanaye ne. Har ƙamshin hayaƙi suka sa a ciki." Na ce hancin Barebari ne, komai hayaƙin kifi yake musu.

Tarin dai bai ragu ba. Na ce mata magani ba ya aiki rana ɗaya.

Asabar, 5 ga Agusta

Ban san yadda zan sa wannan ba.

Hadari ya kore mu daga majalisa da la'asar sakaliya, na dawo gida lokacin da ban saba ba. Madafi a buɗe, murhun na tsaye an lulluɓe shi da tsohon mayafi. Ba kowa. Sai na ji tari daga ɗakin awaki, can ƙurya, ɗakin da ba taga. An ja tabarmar ƙofa an toshe ƙasanta da buhu. Na leƙa ta tsaga.

Duwatsun ne. Ta je ta tsinto su ɗaya ɗaya. Tana zaune a 'yar kujerarta, ta dafe tukunyar tuwo da ƙafa ta kan tsumma, tana tuƙi da hannu biyu, hayaƙi ya cika ɗakin har ba na ganin fuskarta sosai. Ta toshe ƙofar ne don kada hayaƙin ya fito in gani.

Da, a madafi, ko ba komai akwai iska.

Ban shiga ba. Na koma zaure na zauna. Da tuwon ya zo na ce cikina ba daɗi. Umara ya cinye nasa, bai yi mini tsiya ko ɗaya ba, wannan ya fi zagi ciwo.

Lahadi, 6 ga Agusta

Da ta shiga maƙwabta barka, na shiga madafi kamar ɓarawo a gidana. Na ɗauki tukunyar tuwon na ɗora a kan murhun. Gindinta zagayayye ne, ta karkata. Na sa muciya na gwada juyawa, ba komai a ciki ma, ta nemi faɗowa a ƙafata. A tsaye kuma. Matar da gwiwarta ba ta kai ta ta tsaya a sallah sai a zaune.

Mutum biyar. Ba wanda ya taɓa riƙe muciya a cikinmu, har ni na shida.

Talata, 8 ga Agusta

Numfashinta ya sarƙe da safe. Asibiti. Sun sa mata abin shaƙa, sun riƙe ta. Likita ya ce, "Baba, ba mun yi magana ba?" Na ce an sayi murhu. Ya ce to ina take samun hayaƙin? Na ce ban sani ba.

Allah ya yafe mini wannan.

Alhamis, 10 ga Agusta

Juwairiyya ta iso jiya. Ta shiga ɗakin awaki, ta fito, sai ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum. Da ta yi faɗa da na samu abin riƙewa.

Da yamma ta fita sayo kunu, muka rage ni da Dijatu a gefen gadon. Na daɗe ina gyara hulata. Na ce, ke kuwa, me ya hana ki faɗa? Ta ce, "Faɗa me, Malam?" Na ce na leƙa ɗakin awaki. Ta ja mayafi ta rufe baki, ita ce ma ke jin kunya. Can ta ce, "Ka je har Misau saboda ni. Ka faɗa a majalisa. In ce bai yi ba, su ji?" Na ce ai da kin gaya mini ni kaɗai. Ta ce, "Ina jira ka tambaya."

Ba da zafi ta faɗa ba. Har ta ƙara da cewa yana da kyau wajen ruwan zafi.

Asabar, 12 ga Agusta

An sallame ta. Juwairiyya ce ke girki, shinkafa, a tsaye. Umara ya ce shinkafar ta yi, amma cikinsa bai san an ci abinci ba.

Na je wajen Ya'u mai walda. Ban ba shi tarihin kowa ba. Na ce akwai kan gas guda ɗaya babba da za a iya dasawa a ƙasa, da ƙafafun da za su rungumi tukunyar tuwo kada ta motsa? Ya ce yana yi wa masu tuwon sayarwa a tasha, ba wani abu ba ne. Sai dai ba ya yi da ka. A kawo tukunyar, a kawo kujerar da ake zama, in da hali mai girkin ta faɗi inda take son hannunta ya tsaya.

Na dawo na same ta a tabarma. Na ce ta zauna a kujerar ta nuna mini. Ta dube ni kamar na yi wani yare. Ta zauna, ta ɗaga hannu, na auna da igiya na ƙulla. Ta ce in ƙara ɗan yatsa biyu. Na kwance na ƙara. Ta ce kuma a sa shi kusa da ƙofa, ba inda na sa wancan ba. Ashe tana da magana da yawa.

Har yanzu ina nan a kan cewa ɗan Italiya ya fi sauran ƙarfe. Wannan ba wanda ya ƙaryata.

Juwairiyya ta ce a kira ɗan acaɓa ya kai kayan. Na ce zai fasa tukunyar. Hanyar shagon Ya'u ta gaban majalisa ta bi, kuma gobe kasuwa, kowa na nan. Umara zai samu abin faɗa har Sallah.

Gobe in na idar da asuba, rana ta ɗan ɗaga, zan ɗauki tukunyar a hannu, kujerar a hammata, in kai da kaina.